Filin Tambaya da Amsa: Zafin Bazara da Lafiyar Masu Aikin Gona

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata yawancinsu a kan zafin rana suke, kuma mun zaɓi huɗu daga ciki, dukkansu daga masu karatu na Jos da kewaye. Ta farko ce ta fi ɗaukar fili, domin amsarta ta shafi sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni manomi ne mazaunin Jos, ina da lambu a bayan gari inda nake noman kabeji da karas da tumatir, ina kuma da gona a ƙasar Shendam. A watan Afrilun bara na ɗebi samari takwas daga cikin masu yi mini aiki a lambu na kai su can domin huɗa, muka yi jinga da su a kan kowace kadada. A rana ta biyu, bayan azahar, ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi kowa ƙarfi, ya fara sambatu yana tangaɗi, can sai ya yanke jiki ya faɗi, jikinsa zafi rau. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Muka ɗura masa farasitamol muka kai shi asibiti, inda ya kwana huɗu, aka ce mana bugun zafi ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, 'yan garin da suka yi aikin tare da su ko ciwon kai ba su yi ba. Me ya jawo haka, kuma me zan yi bana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya kuma saka maka da alheri da ka kai shi asibiti maimakon ka tsaya sauraron masu cewa iska ce.

Amsar abin da ya ɗaure maka kai tana cikin hanyar da kuka bi. Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma iska takan yi sanyi da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, shi ya sa a Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a nan yake tsayawa a digiri 30 da 'yan kai, a Shendam da Langtang da Wase yakan doshi 40. Samarinka sun saba da aikin ƙarfi, amma a cikin iskar tudu suka saba da shi. Jiki yana bukatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin sabon zafi, kuma a cikin kwanakin nan yakan koyi fara zufa da wuri, ya yawaita ta, ya rage gishirin da ke fita tare da ita, ya kuma ƙara ruwan da ke cikin jini domin zuciya ta samu sauƙi. 'Yan garin sun daɗe da wannan sabo, naka kuwa kwana biyu kacal suka yi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta lura cewa kusan uku cikin huɗu na ma'aikatan da zafi ke kashewa suna mutuwa ne a makonsu na farko a bakin aiki, shi ya sa shawarar da ake bayarwa a can ita ce, sabon ma'aikaci ya yi kashi 20 cikin 100 na aikin yini cikin zafi a rana ta farko, a riƙa ƙara masa kashi 20 kowace rana har ya cika a rana ta biyar. Na san manomin da ya biya kuɗin mota daga Jos ba zai so jin wannan lissafi ba, amma sannu ba ta hana zuwa, kuma kwana huɗu a gadon asibiti ya fi wannan tsada.

Ba mamaki kuma wanda ya fi ƙarfi ne ya faɗi. Jikin mutum yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37, kuma tsoka tana haifar da zafi daidai da yawan aikin da take yi, ta yadda mai riƙe da garma wuta biyu yake sha, ta sama da ta cikin jikinsa. Hanyar fitar da zafin ita ce zufa, amma zufa ba ta sanyaya mutum sai ta bushe a kan fata, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa da danshin da ke tsattsafowa ta jikinta. A Afrilu, idan ruwan farko ya sauka a ƙasashen gangare iska ta cika da laima, zufar sai ta riƙa tsiyaya ba ta bushewa, mutum ya yi ta asarar ruwa ba tare da ya samu sanyi ba. Ka kuma tuna cewa adadin zafin da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke sanarwa a inuwa ake auna shi, wanda ke tsaye a tsakiyar gona kuwa yana iya jin ƙarin digiri 8 a kan haka.

Yanzu sai batun jinga, wanda a ganina shi ne gindin matsalar, ko da yake ba ka tambaye ni a kansa ba. Mutumin da ake biya a kan kadada yana ganin kowane minti na zama a inuwa kuɗi ne ya zube, kuma saurayi ba ya son abokansa su ce masa rago, saboda haka ko ka ce masa ya huta ba zai huta ba. Idan mai gona yana son a huta, shi ne zai tsayar da aikin ga kowa a lokaci guda, ya kuma sa hutun cikin lissafin jingar tun ranar ciniki. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun da jimillarsa bai gaza sa'a ɗaya ba ga wanda ya yi aikin sa'a shida ko fiye a yini, amma wannan mafi ƙaranci ne, kuma bai isa ba ga huɗa a bazara. Idan zafi ya kai digiri 35, a ba kowa hutun minti 10 zuwa 15 a kowace sa'a, idan kuwa ya doshi 40, a bar aikin ƙarfi gaba ɗaya daga hantsi ya ɗaga sosai har zuwa la'asar. Kakanninmu da suke sammako gona bayan asuba su dawo kafin azahar sun san abin da suke yi. Ƙasar Katar ta mai da irin wannan doka, ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba, jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa tun 2005, bayan mutuwar wasu ma'aikatan gona, ta wajabta wa masu gonaki samar da ruwa da inuwa da hutu.

Game da ruwa, a yi lissafinsa kamar yadda ake lissafin taki. Mai aikin ƙarfi cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya ta zufa ko fiye a cikin sa'a guda, don haka ya kamata ya sha kofi ɗaya kowane minti 15 zuwa 20 ko bai ji ƙishirwa ba, wato kusan ledar ruwa biyu a sa'a, amma kada ya wuce lita ɗaya da rabi a sa'a, domin ruwa ma idan ya yi yawa yana tsinka gishirin jini. Mutum takwas a aikin sa'a takwas suna bukatar lita 64, kusan jarka uku mai lita 25, ban da na jiƙa jiki. Ruwan ya kasance kusa da inda ake aikin, domin jarkar da aka aje a bakin gona mai kadada biyar kamar babu ita ce. A lulluɓe ta da jiƙaƙƙen bargo a inuwa, ko a girke randa a gindin itace. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki sosai muddin iska busasshiya ce. Gishirin da aka zubar kuwa abinci ne ke mayar da shi, saboda haka kada a bari su fita da safe da cikin wofi, kuma fura da nono ko kunu da rana sun fi lemon kwalba amfani nesa ba kusa ba.

Inuwa ita ma a kawo ta kusa. Inda aka bar mangwaro ko ɗorawa ko tsamiya a gona an huta, inda kuma aka sare su sai a kafa rumfa ta zana ko ta tamfol wadda mutum biyu za su iya ciccibawa su matsar yayin da aikin ke gaba. Tamfol idan ya yi ƙasa yana tara zafi kamar tanda, don haka a ɗaga shi sama, a bar gefunansa a buɗe iska ta ratsa. A ƙarƙashin rumfar a aje baho cike da ruwa mai sanyi, duk wanda ya zo hutu ya tsoma hannuwansa har gwiwar hannu na minti 5 zuwa 10, domin jinin da ke bi ta wurin yana sanyaya ya koma cikin jiki, kuma sojojin wasu ƙasashe da wannan suke amfani a filin atisaye. A haɗa da malfa mai faɗi, da riga mai haske sakakkiya ta auduga, da tsumma jiƙaƙƙe a wuya.

Saura abin da ya kamata a yi ranar da yaron ya faɗi. Zafi yakan fara da ɗaurewar tsoka, da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala mai tsanani, kuma a wannan mataki idan aka kai mutum inuwa, aka kwantar da shi aka ɗaga ƙafafunsa, aka jiƙa shi, aka ba shi ruwan gishiri da sukari, yakan farfaɗo cikin rabin sa'a, amma kada ya koma aiki a ranar. Idan babu na leda da ake sayarwa a kemis, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Da zarar kuwa hankali ya taɓu, wato mutum ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi, ko jijjiga, ko suma, to an shiga bugun zafi, zafin cikin jiki ya haura digiri 40, kuma ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda suna dahuwa ne minti bayan minti. Kada a jira fata ta bushe kafin a yarda, domin mai aikin ƙarfi sau da yawa yana jiƙe sharkaf da zufa lokacin da abin ya same shi.

A irin wannan hali sanyaya jiki ake fara yi kafin a nemi mota, kuma abin da ake so shi ne zafin ya sauka cikin rabin sa'a. A cire masa kaya, a kwantar da shi a kan tamfol a inuwa, mutane su ɗaga gefunan tamfol ɗin ya zama kamar kwami, a yi ta kwarara masa ruwa mafi sanyi da aka samu, wani yana riƙe da kansa a sama, wasu suna fifita. Idan akwai ƙanƙara a zuba a ruwan, a sa a wuya da hammata da matsematsi. A lambunan Jos da ke shan ruwa daga tsoffin ramukan kuza, a ɗebo ruwan a zuba masa, amma kada a kuskura a tsoma wanda hankalinsa ya gushe a cikin ramin, domin zurfinsu ya ci mutane masu lafiya ma. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ɗin da kuka ba shi ba ya sauke irin wannan zafi, domin ba zazzaɓin cuta ba ne, yana ma iya ƙara wa hanta nauyi. Bayan haka sai a tafi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a mota da tagogi a buɗe, ko da ya farfaɗo, saboda zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau suna zuwa da irin waɗannan alamu a wannan lokaci na shekara, kuma gwaji ne kaɗai zai raba su. Kafin ka sake kai su bana, ka haɗa su biyu-biyu kowa ya riƙa lura da ɗan'uwansa, domin wanda abin ya kama shi ne na ƙarshe da zai gane.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Maigidana feshi yake yi wa mutane a gonakin tumatir da dankalin turawa a wajen Barkin Ladi da Mangu. Yana ƙin sa rigar kariya da takunkumi wai zafi suke sa shi, kuma kullum ya dawo da ciwon jiki sai ya sha haɗin magani daga kemis. Kwanakin nan fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Ina cikin damuwa.

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya, kuma abu na farko shi ne ki lallashe shi ya je asibiti a wannan mako a auna masa fitsari da jini domin a ga lafiyar ƙodarsa. Fitsarin mai shan isasshen ruwa fari ne mai ɗan rawaya, idan ya yi duhu alama ce ta ƙarancin ruwa, idan kuwa ya koma ruwan shayi ko ya ragu sosai, yana iya nuna tsoka ta ji rauni ko ƙoda ko hanta ta taɓu. Haɗin da ake ƙullawa a kemis yawanci yana ɗauke da magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke rage jinin da ke zuwa ƙoda, kuma idan suka tarar da jikin da ya riga ya bushe, ɓarnar takan ninka. A Nikaraguwa, a yankin Chichigalpa, ciwon ƙoda ya kashe dubban masu saran rake, samari da yawansu ba su da ciwon sukari ko hawan jini, kuma da aka shigo da tsarin ruwa da hutu da inuwa a gonakin, raunin ƙoda a lokacin girbi ya ragu ƙwarai. Tramadol da wasu ke sha don su jure aiki ya fi wannan muni, saboda yana rufe bakin gajiyar da ya kamata ta tsayar da mutum.

Maganarsa a kan rigar gaskiya ce, domin tana hana zufa bushewa, amma maganin abin shi ne a sauya lokacin feshin, rigar kuwa ta zauna. Ya yi feshi daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9 ko 10, ko kuma da yamma liƙis, wanda ko ga amfanin gonar ya fi, tunda iska ta kwanta kuma maganin ba ya saurin bushewa. Ya riƙa tsayawa bayan kowace tanki biyu, ya je nesa da wurin feshin, ya cire rigar, ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya sha ruwa. Ki kuma riƙe wannan bambanci, domin gubar wasu magungunan ƙwari tana kama da galabaitar zafi: idan kika ga yawu yana dalala, hawaye na zuba, ƙwayar ido ta tsuke ta zama ƙarama, ga amai da gudawa, to guba ce, a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa, a garzaya asibiti tare da kwalbar maganin.

Tambaya: Likita, ni ɗan ƙwadago ne a lambu, kuma shekarun nan azumi yana zuwa cikin zafi. Ina da iyali, ba zan iya barin aiki wata guda ba. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, Allah ya yi wa nema albarka. Azumin 2024 da na 2025 duka sun faɗo ne a Maris, kuma da yake watan yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yana tafiya ne zuwa lokacin sanyi, sai dai kafin nan a yi dabara. Ka nemi mai lambun ya yarda ka fara aiki da an sallame asuba ka tashi kafin ƙarfe 11, a bar ban-ruwa da sauran aiki marar nauyi zuwa bayan la'asar. Tsakanin buɗa-baki da sahur ka riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan har ya kai lita biyu zuwa uku, maimakon ka cika ciki da shi gab da kiran salla, domin wanda aka kwankwaɗa lokaci guda fitsari yake tafiya. Ka jinkirta sahur, ka haɗa da fura ko kunu da kankana, ka rage shayi mai kauri. Da rana kuwa jiƙa kai da riga da tsoma hannu a ruwa duk suna rage zufar da za ka zubar. Hukuncin shan azumi na malamai ne, kuma yana da kyau ka tambayi malamin unguwarku tun kafin watan ya tsaya, amma sananne ne a wurinsu cewa wanda ya ji tsoron halaka a kan ransa yana sha ya rama daga baya. Ta fannina, jiri mai hana tsayuwa, da amai, da duhun gani, da rikicewar tunani su ne iyakar da ba a ƙetarewa. Masu ciwon sukari, da masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari, da mata masu ciki da ke tsinkar tumatir, su ga likita kafin su haɗa azumi da aikin rana.

Tambaya: Likita, iyayenmu sun ce wanda ya fito daga rana kada ya sha ruwan sanyi ko ya watsa shi a jiki, wai yana kawo ciwon haƙarƙari. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗana, ciwon haƙarƙari da ake kira nimoniya ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, ruwan randa ba shi da laifi a ciki. Iyayenmu sun lura da wani abu na gaskiya, wato wanda ya kwankwaɗi ruwan ƙanƙara da yawa a lokaci guda cikinsa yakan murɗa, wani har ya yi amai, saboda haka a sha mai sanyi daidai, a sha a hankali. Watsa ruwa a jiki kuwa babu wata illa da yake yi wa mai jin zafi, kuma ga wanda bugun zafi ya kayar, gwargwadon sanyin ruwan gwargwadon saurin da zafin jikinsa zai sauka. Idan ana sayar da ƙanƙara a kusa da gonarku, ku haɗa kuɗi ku riƙa sayen dunƙule ɗaya da safe a ranakun da NiMet ta yi gargaɗin zafi, ku naɗe shi a buhu da ɓuntun shinkafa ko garin katako, zai kai ku la'asar.